Shagunan wasannin kwamfuta na bazuwa a duniya, me ya hana su isa Birnin Gwari?

A ƙarshen watan Satumban 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar domin taimaka wa jami'an tsaro a yaƙin da suke yi da 'yan bindiga. Birnin Gwari na cikin yankunan da matakin ya shafa, kuma sai a ƙarshen watan Nuwamba aka ba da umarnin dawo da sabis. Kafin nan an dakatar da kasuwannin mako-mako a ƙaramar hukumar, an kuma hana sayar da fetur a jarka.

Abin da aka fi tunawa daga waɗannan makonni shi ne tsayawar ciniki da tura kuɗi da kiran 'yan uwa, kuma su ne ya kamata a tuna. Sai dai akwai wani ƙaramin abu da ya bayyana a kan wayoyin matasa a lokacin. Duk wasan da ke buƙatar ya gaisa da kamfaninsa ta intanet kafin ya buɗe ya zama hoto kawai a fuskar waya. Wanda kuwa yake zaune gaba ɗaya a cikin wayar ko a katin memori ya ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru.

Wannan bambanci ya shafi wata babbar takara da manyan kamfanonin fasaha suka shafe fiye da shekara goma suna yi: ƙoƙarin kai wasannin kwamfuta, da shagunan intanet da ake sayar da su, zuwa kowace irin na'ura. Ana yawan bayyana takarar a matsayin buɗe ƙofa ga kowa. Daga Birnin Gwari ana iya ganin iyakar wannan magana.

Me ya sa wasan wata na'ura ba ya aiki a wata?

Kowace kwamfuta da kowace wayar zamani tana da babbar manhaja wadda ke tsakanin ƙarfen na'urar da sauran manhajojin da ake sa mata. Ita ke raba musu ƙwaƙwalwa, ita ke kai saƙonsu zuwa allo da lasifika. Windows ta kamfanin Microsoft ce, macOS da iOS na Apple ne, Android na hannun Google, ita kuwa Linux ba ta da mamallaki ɗaya: kowa na iya ɗaukarta kyauta, ya gyara, ya raba.

Kowace daga cikinsu tana da harshenta. Wasan da aka rubuta don Windows yana neman a zana masa hoto ta hanyar wani tsarin umarni mai suna DirectX, wanda Linux ba ta ji. Don haka tsawon shekaru mai son manyan wasanni bai da zaɓi sai Windows, kuma masu ƙirƙirar wasanni ba su ga dalilin kashe kuɗi su sake rubuta aikinsu saboda 'yan tsirarun masu amfani da Linux ba. Babu wasanni saboda babu masu saye, babu masu saye saboda babu wasanni.

Kamfanin Valve na Amurka ne ya fi kowa ƙoƙarin warware wannan ƙulli. Ya buɗe shagonsa mai suna Steam a 2003 don Windows kaɗai, ya kai shi kwamfutocin Apple a 2010, sannan Linux a farkon 2013. Ba tausayin masu Linux ne ya motsa shi ba. A 2012 Microsoft ya fito da Windows 8 ɗauke da nasa shagon, shugaban Valve, Gabe Newell, ya soki tsarin a bainar jama'a, domin ya hango ranar da mai gida zai iya rufe wa ɗan haya ƙofa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zama a shagon haya ya san wannan fargaba.

Yunƙurin farko bai yi nasara ba. Kwamfutocin wasa masu ɗauke da Linux da aka fitar a 2015 ba su samu kasuwa ba, saboda yawancin wasannin da mutane ke so ba su hau kansu. Daga nan Valve ya sauya dabara. Maimakon ya roƙi kowane kamfani ya sake rubuta wasansa, sai ya sa tafinta a tsakani. A watan Agustan 2018 ya fito da Proton, wadda aka gina a kan wani tsohon aikin sa-kai mai suna Wine da aka fara tun 1993. Aikinta shi ne ta karɓi umarnin da wasa ke bai wa Windows, ta juya shi nan take zuwa harshen da Linux ke ji. Wasan bai ma san ya bar gida ba.

A kan wannan tafinta aka ɗora Steam Deck, ƙaramar na'urar wasa ta hannu da ta fito a watan Fabrairun 2022, wadda ta nuna cewa dubban wasannin Windows na iya gudana a kan Linux. Duk da haka, a ƙididdigar da Steam ke fitarwa duk wata, sai a ƙarshen 2025 masu amfani da Linux suka haura kashi 3 cikin 100 na masu shiga shagon.

A ɓangaren waya rigimar ta kuɗi ce. Apple da Google sun saba karɓar har kashi 30 cikin 100 na cinikin da aka yi ta shagunansu. Kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, wanda ya buɗe nasa shagon a kwamfuta a 2018 yana karɓar kashi 12, ya ƙi bin ƙa'idar a watan Agustan 2020, aka cire wasansa daga shagunan biyu, aka tafi kotu. Bayan Tarayyar Turai ta yi dokar da ta tilasta wa Apple barin wasu shaguna su shiga iPhone, Epic ya buɗe shagonsa na waya a watan Agustan 2024: a Android ga duk duniya, a iPhone kuwa ga ƙasashen tarayyar kawai a wancan lokaci.

Shagon da Birnin Gwari ta sani

Birnin Gwari ƙaramar hukuma ce mai faɗin sama da murabba'in kilomita 6,000 a yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da Zamfara da Katsina da Neja. A cikinta Gandun Dajin Kamuku yake, wanda ya haura murabba'in kilomita 1,100 kuma ya zama gandun ƙasa a 1999. Dajin ya haɗe da na Kuyambana a Zamfara, kuma wannan sarƙar dazuka ce ta zama maɓoyar 'yan bindiga, har hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku da Udawa ta shafe shekaru tana cikin hanyoyin da matafiya suka fi tsoro a Arewa.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin ya sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe, bayan sulhun da gwamnatinsa ta ƙulla da wasu 'yan bindiga. Motoci sun dawo hanya, hatsi da dabbobi na fita. Inda kasuwa ta farfaɗo, masu cajin waya da masu gyara da masu turi su ma sukan dawo da teburansu.

Mai turi shi ne shagon wasannin da yawancin garuruwan Arewa suka sani. Yana da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo, da rumbun ajiya cike da fina-finan Kannywood da fassarar Indiya da karatun malamai da waƙoƙi da wasanni, da ɗan janareta ko faifan sola. Ana miƙa masa waya ko memori, a biya shi da tsabar kuɗi, a tafi. Daga nan abin ya riƙa yawo daga waya zuwa waya ta Xender, ba tare da an taɓa data ba. Ba ya tambayar adireshin imel, ba ya neman katin banki, kuma ranar da aka ɗauke sabis yana buɗe.

A teburinsa ne ake ganin misali mafi nasara na wasa mai tsallaka manhajoji, kuma ba wani babban kamfani ya kawo shi ba. PPSSPP manhaja ce ta kyauta da wani ɗan ƙasar Sweden, Henrik Rydgård, ya fara a 2012. Tana sa waya ko kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwar na'urar Sony ta hannu mai suna PSP, kuma tana aiki a Android da Windows da Linux da macOS. Ta shiga shagon iPhone a 2024 bayan Apple ya sassauta ƙa'idarsa. Da ita matasa da yawa a Najeriya ke buga ƙwallon PES a wayoyin Tecno da Infinix da itel, galibi kwafin da wasu suka yi wa kwaskwarima suka sa sabbin 'yan wasa da sabbin riguna. Ita manhajar halastacciya ce. Kwafin wasannin da ke yawo kuwa mafi yawansu ba da izinin masu su aka yi ba, kuma ta wannan hanya ce manhajoji masu satar bayanai kan shiga waya, wayar da sau da yawa ita ce ke ɗauke da asusun bankin mai ita. Wannan ita ce tsadar da ba a gani a cinikin mai turi.

Shingaye uku da tafinta ba ta cirewa

Na farko nauyi ne. Manyan wasannin kwamfuta na yau ba a sayar da su a faifai kamar da, saukewa ake yi. Wasan ƙwallon EA Sports FC, wanda kafin 2023 ake kira FIFA, yana neman wurin ajiya na kusan gigabait 100, Baldur's Gate 3 kuwa 150. Idan aka ƙaddara sabis na ba da megabit 5 a daƙiƙa ba tare da yankewa ba, sauke gigabait 100 zai ci sama da awa 44. Sai kuma kuɗin data, wadda ta ƙara tsada bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Bayan an sauke ma ba a gama ba, domin sabuntawa na zuwa a kai a kai, kuma wasu wasannin ba sa buɗewa sai an yi ta.

Na biyu biyan kuɗi ne. Steam na karɓar kuɗin ƙasashe da dama, har da rand na Afirka ta Kudu, amma babu naira, don haka mai saye a Najeriya da dala yake ganin farashi. Sabon babban wasa kan kai dala 70, wanda a canjin bayan 2024 ya zarce mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa hannu a kai a shekarar. Daga 2022 bankuna da yawa sun rage, sannan suka dakatar da sayayyar ƙetare da katin naira, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka fara dawo da ita. A wannan giɓi ne kamfanoni irin su Carry1st, mai hedikwata a Cape Town, suka samu kasuwa, suna sayar da kuɗin cikin wasa ta hanyoyin biya na gida.

Na uku shi ne ya fi ɓoyuwa, kuma ya fi dacewa da abin da ya faru a 2021. Wanda ya biya kuɗin wasa a yawancin waɗannan shaguna bai mallaki wasan ba, izinin amfani aka ba shi. Tun watan Oktoban 2024 Steam ke rubuta hakan ƙarara a wurin biya, bayan Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta wajabta bayyana shi. A ƙarshen watan Maris na shekarar, kamfanin Ubisoft ya kashe na'urorin da ke ɗauke da wasan tseren mota The Crew, wasan ya daina aiki ga duk wanda ya saya. Hakan ya haifar da gangami a Turai wanda ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a 2025, ana neman a hana kamfanoni kashe abin da aka biya kuɗinsa. Abin da Turawa ke jin tsoron kamfani zai yi musu wata rana, mutumin Kuyello ko Dogon Dawa yana iya gamuwa da shi duk ranar da turken sadarwar da ke kusa da shi ya rasa man dizel.

Steam na da tsarin yin wasa ba tare da intanet ba, amma sai an fara shiga da sabis, kuma wasu kamfanonin na ɗora nasu makullin a kai. Shagon da tsarinsa ya fi kusa da bukatar irin wannan yanki shi ne GOG na ƙasar Poland, wanda aka buɗe a 2008. Ba ya sa makulli a wasanninsa. Mai saye na iya sauke fayil ɗin girkawa, ya adana a rumbu, ya girka a duk lokacin da ya so ba tare da sabis ba. Da yawa daga cikin kayansa tsofaffin wasanni ne marasa nauyi. Ba a yi shi don Birnin Gwari ba, amma shi ne wanda za a iya saukewa sau ɗaya a Kaduna a taho da shi a aljihu.

Tsofaffin kwamfutoci da ranar 14 ga Oktoba

Akwai dalilin da ya sa batun Linux ya wuce sha'awar masu wasa. A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, sai ga wanda ya shiga wani shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa tana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar da ba ta tsufa ba, abin da ya fitar da mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ko 2018. Irinsu ne suka cika kasuwar gwanjo, daga Farm Centre a Kano har shagunan Kaduna, kuma irinsu ne a ofisoshin ƙananan hukumomi da cibiyoyin buga takardu. Ba za su mutu ba, amma za su zauna ba tare da sabbin facin tsaro ba. Shi kansa Steam ya daina aiki da Windows 7 da 8 tun ranar 1 ga Janairun 2024.

Linux na iya tsawaita rayuwar irin wannan na'ura, kyauta kuma bisa ƙa'ida. A da, hujjar matashi ta ƙin ta ita ce babu gem. Proton ta raunana wannan hujja, amma ba ta kashe ta ba, kuma inda ta gaza shi ne daidai inda matashin Arewa ya fi so. Wasannin da ake fafatawa ta intanet suna ɗauke da manhajar hana maguɗi da ke nutsewa cikin zuciyar Windows, wurin da tafinta ba ta isa. Saboda haka EA Sports FC ba ya aiki a Linux, haka Fortnite, kuma a 2024 Apex Legends ya rufe wa masu Linux ƙofa bayan a baya yana karɓarsu. A ƙasar da gidajen gem suka ginu a kan ƙwallon ƙafa, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Akwai kuma wani tarko. Proton na juya umarnin zane ne zuwa wani tsari mai suna Vulkan, wanda kwamfutocin da suka tsufa sosai ba su iya shi yadda ya kamata. Wato na'urar da ta fi bukatar ceto ita ce tafintar ta fi yi wa wuya. Abin da ke gudana lafiya a kanta shi ne ƙananan wasanni da na da.

Ga uban da ke tunanin sayen kwamfuta, wannan ba batun shagala kaɗai ba ne. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai a zauren jarrabawa ya fara da rashi. Damuwar iyaye da malamai game da ɓata lokaci da abin da wasu wasannin ke nunawa damuwa ce mai tushe, ta fi ƙarfi ma a yankin da bindiga ba abin allo ba ce. Amma gaskiya ne kuma cewa da yawa daga masu gyaran waya da kwamfuta na yau ta ƙofar gem suka fara taɓa na'ura.

Darasin Gamsole, da ƙofar da Google ke shirin takaitawa

Masu ƙirƙirar wasanni a Najeriya sun riga sun ɗanɗana haɗarin dogaro da manhaja ɗaya. Abiola Olaniran ya kafa kamfanin Gamsole a Legas a 2012, ya yi suna da wasannin da aka sauke sau miliyoyi a wayoyin Windows Phone, a lokacin da wayoyin Nokia Lumia ke tashe. A 2017 Microsoft ya bayyana cewa ya daina ci gaba da bunƙasa manhajar, kasuwar ta watse. Maliyo Games na Hugo Obi, wanda shi ma ya fara a 2012, ya karkata ga Android. Shi ya yi Aboki Run, sunan da ɗan Arewa zai ji ya ɗan yamutsa fuska, sannan a 2024 ya fitar da wasan girki na Iwájú tare da Disney.

Android ce ta yi rinjaye a Najeriya, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne ta bar ƙofar baya a buɗe: ana iya girka manhaja daga fayil, ba sai ta shagon Google ba. Wannan ƙofa ce ta bai wa kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, damar sa nasa shagon Palm Store a wayoyinsa, ita ta bai wa Epic damar shigowa, kuma a kanta sana'ar mai turi ta tsaya.

A watan Agustan 2025 Google ya sanar da cewa zai fara buƙatar duk mai ƙirƙirar manhaja ya tantance kansa da kamfanin kafin a iya girka aikinsa a wayoyin Android masu lasisi, ko da ba ta shagonsa aka samo ta ba. An tsara farawa a watan Satumban 2026 a Brazil da Indonesiya da Singafo da Thailand, sauran duniya daga 2027. Hujjar kamfanin ita ce damfara da manhajojin sata, kuma hujja ce mai nauyi a ƙasar da ake kwashe wa mutane kuɗi ta waya. Bayan suka ta yi yawa, kamfanin ya ce zai bar wata hanya ga masu amfani da suka san abin da suke yi. Ga ɗan kasuwar Legas ko Abuja da ke sauke komai daga shagon Google, sauyin ba zai taɓa shi ba. Wanda zai ji shi ne wanda manhajojinsa ke zuwa masa a katin memori daga teburin bakin tasha, a garin da aka taɓa rufe wa layi wata biyu.